Idan kujerar mota ta yi wa yaro kaɗan: wacce za a saya masa, ina kuma zai fuskanta?

Yawancin yara suna cika 'yar kujerar jarirai, mai mariƙin nan da ake cirowa daga mota da yaron a ciki, tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Daga nan sai a shiga neman ta gaba. A nan Legas shawara takan zo daga bakin mai shago ko daga 'yan uwa a WhatsApp, kuma kusan kullum magana ɗaya ce: yaro ya fara tafiya, ya isa a juya shi ya kalli gaba kamar kowa. A wannan gaɓar ce aka fi cutar yara ba da sani ba. Kujerar da ta dace da ɗan shekara ɗaya ita ce wadda za ta ci gaba da riƙe shi yana kallon baya na ƙarin shekara biyu ko uku. Maganar kuɗi da sunan kamfani da launi duk a bayan wannan suke.

Dalilin yana cikin abin da ke faruwa a daidai lokacin da mota ta daki wani abu. Motar ta tsaya cak, amma duk abin da ke cikinta yana ci gaba da gudunsa har sai wani abu ya tare shi. A gwajin da ake yi wa kujerun yara a Turai, da gudun kilomita 50 a awa ake bugawa, kuma ƙarfin fizgar yakan kai ninki 20 zuwa 28 na nauyin jiki. Yaro mai kilo 12, a wannan ƙiftawar ido, yana jan kilo 240 zuwa sama da 300, wato nauyin buhun shinkafa biyar ko shida. Babu hannun uwar da zai iya riƙe wannan, komai ƙaunarta da ƙarfinta. Shi ya sa rungume yaro a cinya ba ya cikin lissafi tun farko.

To idan yaron na cikin kujera mai kallon gaba fa? Maɗaurai za su riƙe kafaɗunsa da ƙugunsa, amma babu abin da ke riƙe kansa. Kan ƙaramin yaro kuwa ba irin na babba ba ne. Kan ɗan wata 9 ya kai kusan kashi 25 cikin 100 na nauyin jikinsa, na babba kuma bai wuce kashi 6 ba. Ƙasusuwan wuyan da ke ɗauke da wannan kan ba su gama haɗewa ba, akwai sauran guringuntsi a tsakaninsu, sai nan da wasu shekaru za su ƙosa. Idan kai ya fizgu gaba jiki na ɗaure, wuya ne ke ɗaukar nauyin duka. Ƙashin wuyan yaro yana iya miƙewa, lakar da ke cikinsa ba ta iyawa. Idan kuma yana kallon baya ne, fizgar tana danna shi cikin kujerar: kai da wuya da gadon baya suna tafiya tare, jikin kujerar ya shanye bugun. Karon gaba shi ne ya fi yawa a cikin munanan haɗurra, kuma shi aka yi wannan zama domin sa.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A farkon shekarun 1960 wani farfesa ɗan Suwidin, Bertil Aldman, ya lura da yadda 'yan sama jannatin Amurka ke kwanciya da bayansu domin jure ƙarfin tashin kumbo, sai ya ƙirƙiro kujerar yara mai kallon baya a kan wannan tunanin. Har yau al'adar mutanen Suwidin ita ce yaro ya kalli baya har wajen shekara 4, kuma suna cikin ƙasashen da yara suka fi ƙarancin mutuwa a mota. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2011 a bar yaro yana kallon baya har shekara 2. A 2018 ta cire adadin shekarun gaba ɗaya, ta ce a bar shi har sai ya kai iyakar tsayi ko nauyin da kujerarsa ta amince. Ƙa'idar Turai ta yanzu, R129, wadda aka fi sani da i-Size, ta fara aiki a 2013, kuma ta hana juya yaro gaba kafin wata 15. Masu shago da yawa suna riƙe da wannan wata 15 ɗin a matsayin lokacin juyawa. Ba haka ba ne. Shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi, ba mafi kyau ba.

Na san abin da ake cewa, domin a kowane gida an faɗe shi. Na farko ƙafafu: yaro ya yi tsawo, ƙafarsa na tokarar jinginar kujerar mota, zai gaji ko ya karye. Wanda ya taɓa kallon ɗan shekara 2 yana wasa a tabarma ya san yadda yake naɗe ƙafa ya zauna awa guda ba ƙorafi. Gaɓoɓinsu suna da laushin da namu ba su da shi. A mota ma haka suke yi, su tanƙwashe ko su ɗora ƙafar sama. Ko da ma an ƙaddara karaya, ƙafa ana ɗorinta ta warke. Laka ba a ɗorinta. Na biyu, wai a Legas ai ba a gudu, kullum gosulo. Wanda ya hau gadar Third Mainland da asuba ko ranar Lahadi, ko ya bi titin Legas zuwa Ibadan bayan an wuce Berger, ko hanyar Lekki zuwa Epe da dare, ya san ana gudu. Kilomita 50 da ake gwaji da shi kuwa a cikin unguwa ma ana kai shi. Ga kuma tafiyar Sallah zuwa Kano ko Sakkwato ko Katsina, tafiyar sama da kilomita dubu, wadda yawancinmu muke yi da yara a mota.

Na uku ya fi nauyi, domin daga manya yake fitowa. Kaka ta zo daga gida, an shiga mota za a je suna Agege, jika yana kuka a kujerarsa, sai ta ce, "Haba, ku kwance shi ku miƙo min shi nan. Ku da muka yi ta yawo da ku a cinya, me ya same ku?" Ba a yi wa wannan magana gardama a cikin mota, kuma tausayi ne ya sa ta faɗa. Abin da na ga yana aiki shi ne ɗanta ko 'yarta su yi mata bayani tun a gida, cikin ladabi: "Hajiya, ki zauna kusa da shi a baya ki riƙe masa hannu, in ya gan ki zai yi shiru. Cire shi ne kawai ba za mu iya ba in mota na tafiya." Yaron da ke kallon baya fuskar wanda ke gefensa yake gani sosai, don haka kaka ta samu aikin da ya fi riƙo amfani. Tsari na Allah ne, babu mai musun wannan, amma an umarce mu da kama sababi. Hukumar kula da tsaron hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujerar da aka ɗaura daidai tana rage haɗarin mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100, na 'yan shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54.

Yaushe ne ma kujerar jarirai take yi wa yaro kaɗan da gaske? Ba ranar da ƙafarsa ta leƙo ba. Kai ake dubawa. Idan tsakanin saman kansa da bakin kujerar bai kai santimita 2 da rabi ba, ko ya kai nauyi ko tsayin da aka rubuta a jikinta, ta gama aikinta. Irin na Turai akasari kilo 13 ne iyakarsu, amma yawancin yara tsayi ne ke fitar da su kafin nauyi. Don haka kafin a taka zuwa shago, a auna yaro: a ɗora shi a sikeli, a tsayar da shi jikin bango a auna tsayinsa. Da waɗannan lambobin biyu ake sayen kujera, ba da shekaru ba, domin 'yan wata 18 biyu na iya bambanta da kilo uku.

Kasuwarmu ta Legas tana da wani ruɗani da babu shi a ƙasashen da ake ƙera kujerun: kayan Turai da na Amurka a rumfa ɗaya suke, kowanne da ma'auninsa. Na Turai suna da sitika mai ruwan lemo, da harafin E a cikin da'ira. Idan an rubuta R44/04, tsohuwar ƙa'ida ce mai tafiya da nauyi: rukuni na 1 kilo 9 zuwa 18, na 2 kilo 15 zuwa 25, na 3 kilo 22 zuwa 36. A nan tarkon yake, domin wannan ƙa'idar ta yarda a juya yaro gaba da ya kai kilo 9, nauyin da wani yaron yake kaiwa tun yana wata 8 ko 9. Kujerun nan da ake tallatawa "kilo 9 zuwa 36, saye ɗaya har ya girma" gaba kawai suke kallo. Suna da daɗin ji ga aljihu, amma ba zan ba ɗan shekara ɗaya shawarar hawansu ba. Tarayyar Turai ta daina barin a sayar da sababbin kujerun R44 daga 1 ga Satumba 2024. Idan kuma an rubuta R129, da tsayi ake tafiya, kuma an gwada ta da bugun gefe, abin da tsohuwar ƙa'ida ba ta tilasta ba. Na Amurka farar sitika ce mai ranar ƙira da lambar samfuri, awonsu kuma da fam da inci: fam 40 kilo 18 ne, fam 50 kusan kilo 23, fam 65 kilo 29 da rabi.

Abin da za a nema, a taƙaice, kujera ce mai kallon baya har aƙalla kilo 18 ko santimita 105, wanda matsakaicin yaro ke kaiwa wajen shekara 4. A na Turai za a ga an rubuta 40 zuwa 105 ko 61 zuwa 105. Wasunsu suna juyawa gefe a sa yaro cikin sauƙi, abin da mai ciki ko mai ciwon baya za ta gode wa. A na Amurka akwai masu fuska biyu, su kalli baya har fam 40 ko 50, daga baya a juya su gaba har fam 65. Idan yaro mai jiki ne, waɗannan ko kuma irin na Suwidin masu kaiwa kilo 25 sun fi daɗewa. Tsada ba ita ce tsaro ba. Mai rahusa da ta ci jarrabawar ƙa'ida, ta zauna daram a motarka, ta fi mai tsadar da ke rawa. Abin da zan roƙi kowa ya guje wa shi ne ƙyallen nan mai igiyoyi da ake tallatawa a intanet, wanda ake ɗaura wa jinginar mota a ce kujerar yara ce ta tafi-da-gidanka. Ba shi da ƙashin da zai shanye bugu, ba shi da sitikar kowace ƙa'ida.

Sai mota. Kujera ba ta kare yaro sai ta zama kamar ɓangaren motar, kuma a nan ne aka fi kuskure. Motocinmu akasari tokumbo ne daga Amurka, Corolla da Camry da Sienna da Highlander, kuma wannan ya zo mana da sauƙi biyu. Kusan duk motar Amurka da aka ƙera daga Satumba 2002 tana da ƙarafa biyu a lungun da mazauni ya haɗu da jingina a gidan baya. A Amurka ana ce musu LATCH, a Turai kuma ISOFIX. A zura yatsa a lungun za a ji su. Sauƙi na biyu, bel ɗin motocin Amurka tun daga 1996 yana kullewa don kujerar yara. Na tsaya na kalli wani maƙwabcina yana ɗaura wa 'yarsa kujera a Corolla. Ya zura bel ta hanyar da aka yi wa alama don kallon baya, ya danna maɓalli, sannan ya jawo bel ɗin kafaɗa gaba ɗaya har ƙarshensa, ya sake shi a hankali. Sai aka ji yana komawa yana ƙas-ƙas-ƙas, alamar ya kulle. Ya danna kujerar da tafin hannu da duk nauyinsa yana cusa sauran bel ɗin ciki. Da ya gama ya kama ta daidai inda bel ya ratsa ya girgiza hagu da dama, motar ce ta motsa, kujerar ba ta gusa ba. Ma'aunin ke nan: kada ta gusa fiye da santimita 2 da rabi a wannan wurin. Da ƙarafan da bel duk tsaronsu ɗaya in an yi daidai, amma ɗaya ake zaɓa, sai in ɗan littafin kujerar ya ce a haɗa. Ƙarafan kuma suna da iyaka: a kujerun Amurka, idan nauyin yaro da na kujera suka haɗu suka wuce fam 65, bel ake komawa.

Kujerar Turai mai ƙafar tokara a gabanta tana buƙatar daɓen mota mai ƙarfi. Kada ƙafar ta sauka a kan murfin ma'ajiyar da wasu motoci ke da ita a ƙasa. Kujera mai kallon baya kuma ba ta shiga gidan gaba muddin jakar iskar da ke fashewa daga dashbod tana aiki, domin bayan kan yaron kai tsaye za ta daka. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana nanata cewa 'yan ƙasa da shekara 12 gidan baya ne wurinsu. Ranar da lokacin juyawa gaba ya yi, akwai igiya ɗaya a saman kujerar da ake maƙala wa ƙugiya a bayan jingina, a kan allon da ke ƙarƙashin gilashin baya a ƙananan motoci, ko a bayan kujera a irin su Sienna. Mutane da yawa naɗe ta suke yi su bar ta tana lilo. Wannan igiyar tana rage nisan da kan yaro zai fizgu gaba da santimita 10 zuwa 15, wanda zai iya hana goshinsa dukan bayan kujerar direba.

Maɗauran jikin yaro ba su da wuyar fahimta. In yana kallon baya, su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. In yana kallon gaba, daidai kafaɗa ko sama kaɗan. A ja su har sai an kasa tsungule maɗaurin da yatsu biyu a kan kafaɗa. Maɓallin ƙirji da ke jikin na Amurka daidai hammata yake zama, ba a kan ciki ba.

Yanzu gwanjo, wanda ba zan yi kamar babu shi ba, domin da yadda farashi ya tashi, iyaye da yawa can suke dosa. Matsalar kujerar gwanjo ita ce ba ta faɗin tarihinta. Kujerar da ta taɓa shiga haɗari mai ƙarfi ta gama aiki ko da ba a ga komai a ido ba, kuma robarta tana tsufa: kamfanoni suna ba su shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira. A wata rumfa na taɓa ɗaukar wata mai kyan gani, an wanke rigarta tas har tana ƙamshin sabulu. Na kifa ta, wurin sitika sai sauran gam. Na zare rigar daga wajen kai, sai ga farin soson nan mai tauri ya tsage gida biyu an naɗe shi da salatif. Wannan soson shi ne ke shanye bugu a gefen kan yaro. Mai rumfar ya ce, "Alhaji, ai a ciki yake, ba a gani." Bai faɗa da mugunta ba, shi ma a haka ya buɗe dila ya same ta. Idan dole sai ta hannu, gara ta 'yar uwa ko aminin da zai iya rantse maka ba ta taɓa haɗari ba. A duba ranar ƙira, a tabbatar sitika na nan, a zare riga a duba soso da roba, a ja maɗaurai a ga ba su zaizaye ba, maɓalli yana kamawa da ƙara. A nemi ɗan littafinta a intanet da lambar samfurin. Wadda aka rubuta wa R44/03 ta tsufa ƙwarai, a bar ta. Sabuwa mai rahusa mai sitikar ƙa'ida ta fi tsohuwar babban kamfani da ba a san inda ta fito ba.

Zafin Legas ma yana da nasa hukuncin. Ƙarfen maɓalli da ya sha rana yana ƙona cinyar yaro, don haka a yafa wa kujerar farin zane in an ajiye mota a waje, a taɓa kafin a sa shi. Kada a ƙara katifa ko tawul mai kauri a bayansa don gumi, domin yana sa maɗaurai su yi sako-sako lokacin bugu. Kuma kada a bar shi a mota a kulle ko da na shiga kanti a fito ne: zafin cikin mota yana iya ƙaruwa da kusan digiri 11 cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba. A doguwar tafiya zuwa Arewa, a riƙa tsayawa kamar bayan kowace awa biyu a fito da shi ya miƙe ƙafa ya sha ruwa.

Akwai inda wannan bayanin bai kai ba, kuma yana damuna. Danfo da keke da BRT ba a yi su don kujerar yara ba, kuma a cikinsu mafi yawan yaran Legas ke yawo. Wanda ke hawan Uber ko Bolt da yaro yana da ɗan zaɓi: ya sayi marar nauyi wadda ake ɗaurawa da bel kaɗai, ya koyi ɗaura ta har hannunsa ya saba. Gidan da direba ko ƙanin miji ke kai yara makaranta, su ma a zaunar da su a koya musu, domin su ne ke ɗaure yaron kullum safiya.

Bayan shekara 4, idan kafaɗu suka wuce ramin maɗauri na ƙarshe ko saman kunnuwa ya haura bakin kujerar, sai a koma kujerar ɗagawa mai jingina, wadda ke amfani da bel ɗin mota. Ƙa'idar R129 ba ta yarda da ita ba sai yaro ya kai santimita 100, amma tsayi kaɗai bai isa ba; sai yaron da zai iya zama a miƙe duk tafiyar, ba ya zare bel ya tura bayansa ko ya sunkuya ɗauko takalmi. Aikinta ta ɗaga shi har bel na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu da saman cinya, ba a kan tumbi ba, inda zai iya yanka hanji lokacin bugu, na sama kuma ya bi tsakiyar kafaɗa. Ba a ɗora ta a mazaunin da bel ɗin cinya kaɗai gare shi. Likitocin yara na Amurka suna cewa a bar yaro a kanta har ya kai wajen santimita 145, tsakanin shekara 8 da 12. Gwajin a cikin motarka ake yin sa: ya zauna bayansa manne da jingina, gwiwoyinsa su lanƙwashe daidai bakin mazauni, bel ya bi kafaɗa bai taɓa wuya ba. In ɗaya daga ciki bai yi ba, a mayar masa da kujerarsa, a sake gwadawa bayan wata shida.